Maganin awo bayan haihuwa: abin da yake yi wa mai jego da yadda za ta sha shi

Mata da yawa suna ajiye ƙwayoyin da aka ba su wurin awo tun ranar da suka sauka. A ganinsu maganin na ciki ne, ciki kuwa ya wuce, sai ragowar kwalin ya zauna har ya lalace. Alhali makonnin farko na jego su ne lokacin da jikin mace ke biyan bashi biyu lokaci ɗaya: yana mayar da jinin da ya tafi, yana kuma haɗa nonon da jariri zai rayu a kansa kaɗai har wata 6.

Goyon ciki na wata 9 yana cin kimanin miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe, tsakanin abin da ɗan tayi ya ɗiba, da mabiyiya, da ƙarin jinin da uwa ta yi. Ranar haihuwa kuma jini na zuba. A haihuwar da mace ta yi da kanta yakan kai mililita 500 ba tare da an ce akwai matsala ba, a tiyata yakan kai 1,000. Kowace mililita ta jini na ɗauke da kusan rabin miligiram na ƙarfe, wato mililita 500 ta tafi da miligiram 250 ke nan. Nono kuma, idan ya zauna sosai, yakan kai mililita 750 zuwa 800 a kullum, duk daga jikin uwa.

Wanda ke zuwa wa jariri da wanda ke tsayawa wa uwa

Abu mafi amfani da mai jego za ta fahimta shi ne sinadaran da ke cikin ƙwayar nan kashi biyu ne a lokacin shayarwa, kuma aikinsu ya bambanta.

Kashi na farko su ne waɗanda yawansu a nono yake bin yawansu a jikin uwa: aidin, bitamin A, bitamin D, bitamin B1, B2, B6 da B12, sai kolin da seleniyam. Idan sun yi ƙasa a jikinki, za su yi ƙasa a nononki, kuma jariri ba shi da wata hanyar samun su. Idan kin sha, cikin kwanaki ko makonni sai su ƙaru a nono.

Kashi na biyu su ne ƙarfe, folik asid, kalsiyam da zinki. Waɗannan nono yana ɗibar abin da yake buƙata ko da uwa ba ta da isasshe. Jariri yana samun rabonsa, uwa ce ke ƙarewa. Shan su ba ya ƙara su a nono, ke yake farfaɗowa. Shi ya sa ake ganin jariri ɓul-ɓul a hannun uwar da tafin hannunta ya yi fari fat, ana yaba nononta, ba a lura ita tana tafiya ba.

Wannan rarrabewar ita ce za ta gaya miki abin da za ki duba a jikin kwali, da tsawon lokacin da za ki ci gaba da kowanne.

Ƙarfe da ƙarancin jinin jego

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2016 ta kuma sake tabbatarwa a 2022, ta ce ana iya ci gaba da ba mai jego ƙarfe, shi kaɗai ko haɗe da folik asid, na mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, a wuraren da ƙarancin jini ya shafi kashi 20 cikin 100 na masu ciki ko fiye. Awon da aka saba shi ne na lokacin ciki: miligiram 30 zuwa 60 na tsantsar ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid, sau ɗaya a rana.

Akwai abin da ke rikita mutane a nan. A lissafin masana abinci, mai ciki na buƙatar miligiram 27 na ƙarfe a rana, mai shayarwa kuwa 9 kacal, ƙasa ma da na macen da ba ta da ciki, wadda nata 18 ne. Dalili shi ne al'ada ta ɗauke kuma ƙarfen da ke fita ta nono kaɗan ne. Sai dai wannan lissafin na macen da ta fito daga haihuwa da ajiyarta a cike ne. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ko ta zubar da jini da yawa, ko aka yi mata aiki, ko ta haifi tagwaye, ko cikin ya zo kusa da na baya, miligiram 9 ba zai mayar mata da abin da ta rasa ba cikin watanni masu yawa.

Alamomin ƙarancin jini sukan ɓuya a cikin gajiyar jego, domin kowa ya san mai sabon jariri ba ta barci. Ga waɗanda ya kamata su sa ki zargi jini: jiri idan kin miƙe tsaye, haki a ɗan tafiyar da a da ba ta gajiyar da ke, bugun zuciya da sauri kina zaune, ciwon kai da ba ya tafiya, fari a cikin fatar ido da tafin hannu, sha'awar tauna ƙanƙara ko cin ƙasa, da ƙafafun da ba sa natsuwa da dare. An kuma ga alaƙa tsakanin ƙarancin jini da damuwar bayan haihuwa. Ƙwayar ƙarfe ba ta warkar da ciwon damuwa, amma duk mai jegon da ke yawan kuka, ta rasa jin daɗin komai, ya dace a auna jininta tare da duba halin da zuciyarta ke ciki.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na himogulobin, sinadarin da ke ba jini launin ja. Ƙasa da giram 10 a kwana biyun farko, ko ƙasa da 11 bayan mako ɗaya, ko ƙasa da 12 bayan mako 8, ƙarancin jini ne. Idan da PCV, wato kason jajayen ƙwayoyin jini, aka ba ki sakamako, ki raba shi gida uku ki sami kusan himogulobin ɗin: PCV 30 kusan giram 10 ne, 36 kusan 12. Akwai gwajin feritin da ke nuna ajiyar ƙarfe, amma a makonni 6 na farko ba a dogara da shi, saboda kumburin da haihuwa ta bari a jiki yana ɗaga shi ya nuna kamar akwai ajiya alhali babu.

Idan gwaji ya tabbatar da ƙarancin jini, ƙwayar bitamin ta masu ciki mai miligiram 27 na ƙarfe ta yi kaɗan. Ana buƙatar awon magani, wanda likita ko ungozoma za su rubuta, yawanci miligiram 60 zuwa 120 na tsantsar ƙarfe a rana. Idan yana aiki, himogulobin zai hau da giram 1 ko fiye cikin mako 2 zuwa 4. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar ƙarfi ya dawo. Jinin da ke gudana shi ke fara gyaruwa, ajiyar da ke hanta da ɓargo tana biyo baya, don haka ana ci gaba wata 3 bayan himogulobin ya koma daidai. Idan wata ɗaya ya wuce bai motsa ba, dalilan da za a bincika su ne: ba a shan ƙwayar kullum, ana haɗa ta da abin da ke hana ta shiga jiki, jini na ci gaba da zuba, ko kuma ƙarancin jinin daga wani abu ne daban, kamar zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko ƙarancin B12. Wadda jininta ya yi ƙasa sosai, ko cikinta ya ƙi karɓar ƙwaya, ana ba ta ƙarfe ta jijiya, wani lokaci har ƙarin jini.

Aidin, B12 da bitamin D

Aidin shi ne sinadarin da buƙatarsa ta fi hawa bayan haihuwa, kuma shi aka fi mantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikirogiram 250 a rana ga mai ciki da mai shayarwa, lissafin Amurka kuwa 220 ga mai ciki, 290 ga mai shayarwa. Da shi jikin jariri ke haɗa sinadarin tayirod, wato sinadarin da wata gaɓa da ke wuya take fitarwa, wanda ƙwaƙwalwa ke ginuwa da shi a shekaru biyun farko. Ƙungiyoyin likitocin yara da na tayirod a Amurka sun ba da shawarar mai shayarwa ta sha ƙwayar da ke da maikirogiram 150, ragowar ta samu daga abinci da gishiri mai aidin. Ƙwayoyin masu ciki da dama ba su da aidin ko kaɗan, musamman ƙwayar ƙarfe da folik asid zalla. Sai kin juya kwalin kin duba. Yawansa ma matsala ne, domin yana iya danne tayirod ɗin jariri, saboda haka a guji ƙwayoyin ciyawar teku waɗanda ba a san adadin da ke ciki ba. Mai maƙoƙo ko wani ciwon tayirod ta tambayi likitanta kafin ta fara.

B12 buƙatarsa ƙarama ce, maikirogiram 2.8 a rana, amma rashinsa yana da muni a kan jariri. Daga abincin da ke fitowa daga dabba kawai ake samun sa. Wadda ba ta cin nama, kifi, ƙwai da madara, ko take cin su jefi-jefi, da wadda ta daɗe tana shan metfomin na ciwon sukari, da wadda aka yi wa aikin tumbi ko hanji, su ne ke cikin haɗari. Uwar tana iya zama ba ta jin komai. Jaririn ne, yawanci tsakanin wata 4 zuwa 10, zai fara yin laushi, ya daina murmushi da wasa, ya ƙi abinci, har ya manta zaman da ya riga ya iya. Idan an gano da wuri yana warkewa, idan an makara lahanin ƙwaƙwalwa na iya zama dindindin. Macen da hanjinta ba ya tsotsar B12, ƙaramin adadin da ke cikin ƙwayar bitamin ba zai ishe ta ba, allura ko babban awo take buƙata.

Bitamin D yana da nasa hukuncin. Mai shayarwa na buƙatar IU 400 zuwa 600 a rana, wato maikirogiram 10 zuwa 15, kuma yawancin ƙwayoyin masu ciki na da wannan. Amma wannan awon na ƙashin uwa ne, abin da ke ratsawa zuwa nono bai kai IU 100 a lita ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya nuna sai da iyaye mata suka sha IU 6,400 a rana kafin nononsu ya wadatar da jariran, wannan kuwa ya haura iyakar IU 4,000 da aka ɗora wa mai sha da kanta. Don haka likitocin yara a ƙasashe da yawa suke cewa a ɗiga wa jaririn da ke shan nono IU 400 a baki kullum tun kwanakin farko. Wannan ya fi muhimmanci ga uwa mai duhun fata da ba ta samun rana a jikinta sosai, ko mai zama a ƙasar sanyi.

Folik asid da cikin da bai yi sallama ba

Amfanin folik asid bayan haihuwa rabi na jinin uwa ne, rabi na ɗan da ba a yi cikinsa ba tukuna. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tayi yana rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma san tana da shi ba. Idan folik asid ya yi ƙasa a waɗannan kwanakin, ana iya haifar jariri da buɗaɗɗen ƙashin baya ko ƙwaƙwalwar da ba ta cika ba. Maikirogiram 400 a kullum yana rage wannan haɗarin sosai, amma sai an ɗauki makonni ana sha kafin ya taru a jini, shi ya sa farawa bayan an ga ɓatan wata ya zama an makara.

Mai jego kuwa ƙwai yana iya sauka mata kafin ta ga al'adar farko. Wadda ba ta shayarwa na iya ɗaukar ciki tun daga mako 3 bayan haihuwa. Shayarwa tana hana ciki ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya karye, kariyar ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, amma kwanika tana faruwa, kuma cikin da ya zo kusa-kusa shi ne ya fi samun uwa da ajiyar folik asid a ƙasa. Ra'ayinmu a nan a fili yake: duk macen da ke iya ɗaukar ciki kuma ba ta kan wata hanyar tazarar haihuwa mai ƙarfi, kada ta yanke folik asid ko da ta daina sauran. Wadda ta taɓa haifar jariri mai wannan lahanin, da mai shan maganin farfaɗiya, da mai ciwon sukari, ana rubuta musu babban awo na miligiram 4 ko 5, wannan kuma na likita ne.

Wadda ta yi ɓari ko jaririn ya koma, ita ma ta zubar da jini, kuma sau da yawa ita ce ke saurin samun wani cikin. Ƙarfe da folik asid sun shafe ta kamar kowace mai jego.

Karanta kwali

Ragowar ƙwayoyin awonki sun isa a fara da su, muddin wa'adinsu bai ƙare ba kuma ba su jiƙe ko sun canja launi ba. Ba dole ne a sayi wadda aka rubuta wa sunan masu jego ba, bambancinsu kaɗan ne.

A jikin kwali lamba biyu ake rubuta wa ƙarfe, kuma ƙaramar ce ake lissafi da ita. Feros salfet mai miligiram 200 yana da kusan 65 na tsantsar ƙarfe, feros fumaret mai 200 ma kusan 65, feros gulukonet mai 300 kuwa 35 kawai. Ki nemi folik asid 400, aidin 150, B12 aƙalla 2.8, duk a maikirogiram, wanda ake rubutawa mcg ko µg, sai bitamin D IU 400 zuwa 600. Bitamin ɗin taunawa masu zaƙi kamar alewa yawancinsu ba su da ƙarfe sam, don haka ba su dace da wadda ke neman mayar da jini ba. Kolin, wanda mai shayarwa ke buƙatar miligiram 550 a rana, da kitsen DHA, wanda ake so ta samu miligiram 200 zuwa 300, ba kasafai suke isa a ƙwaya ɗaya ba. Ƙwai da kifi mai kitse ne ke cike wannan giɓin.

A kula da bitamin A. Buƙatarsa tana hawa daga maikirogiram 770 lokacin ciki zuwa 1,300 lokacin shayarwa, amma nau'in retinol yana taruwa a hanta, kuma fiye da maikirogiram 3,000, wato IU 10,000 a rana, yana iya lahanta ɗan tayi idan wani cikin ya shiga ba a sani ba. Babban awon IU 200,000 da aka saba ba masu jego sau ɗaya a da, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawararsa tun 2011, bayan bincike ya nuna bai rage ciwo ko mutuwar uwa da jariri ba. Haɗarin da aka fi gani yanzu shi ne tarawa: ƙwayar awo, da ruwan maganin ƙarin jini, da wani bitamin na gyaran gashi, duk a rana ɗaya, kowanne da nasa ƙarfen da bitamin A. Ki zaɓi ɗaya. Idan an rubuta miki ƙarfe na magani, ki nuna wa mai rubutawar duk abin da kike sha.

Yadda ake sha, da abin da ke sa a daina

Ƙarfe ya fi shiga jiki idan ciki ba komai, awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa, da ruwa kofi ɗaya cikakke. Bitamin C, kamar na lemun zaƙi, yana taimaka masa. Shayi, kofi, madara, ƙwayar kalsiyam da maganin ƙwannafi suna riƙe shi a hanji ya fita ta bayan gida, don haka a bar awa 2 tsakaninsu. Ki ɗaura shan ƙwayar da wani abu da ba ki tsallakewa, kamar shayarwar farko ta safe. Idan kin manta rana ɗaya, ki sha ta yau kawai, kada ki haɗa biyu.

Taurin bayan gida shi ne babban dalilin da ke sa mai jego ta jefar da ƙwayar, kuma tana da gaskiya ta ji tsoro, musamman mai ɗinki a ƙasa, ko mai basir, ko wadda aka yi wa aiki. A ƙara ruwa, da ganye da 'ya'yan itace, da ɗan tattaki. Idan bai saki ba, maganin tausasa bayan gida kamar laktulos ba ya cutar da mai shayarwa. Hanya ta gaba ita ce shan ƙarfen rana ɗaya a tsallake ɗaya. Dalilinta: duk lokacin da aka sha babban awo, hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin da ke rufe ƙofar tsotsar ƙarfe na kusan awa 24, saboda haka ƙwaya ta biyu da ta uku a rana ɗaya kaɗan ke shiga jiki, ragowar ta zauna a hanji tana tayar da shi. Sau ɗaya a rana, ko ma bayan kwana bibbiyu, yakan yi aiki kusan daidai da wahala kaɗan.

Tashin zuciya da zafin ciki kuwa, a sha da ɗan abinci ko kafin kwanciya da dare, ko a sauya zuwa gulukonet mai sauƙin awo. Ƙarfen da ya shiga kaɗan-kaɗan kullum ya fi wanda aka daina sha. Bayan gida zai yi baƙi ko kore mai duhu, wannan ba komai. Idan ya zama baƙi mai danƙo da mugun wari, tare da ciwon ciki ko jiri, wannan yana iya zama jini ne daga tumbi, a je asibiti. Ruwan maganin ƙarfe yana ɓata haƙori, a sha da tsinken shan lemo a kuskure baki. Fitsari mai ɗorawa sosai daga bitamin B2 ne.

Wasu magunguna ƙarfe da kalsiyam suna kashe musu ƙarfi. Lebotairoksin na tayirod, a bar awa 4 tsakani. Siprofuloksasin da doksisaikilin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a sha su aƙalla awa 2 kafin ƙarfen, ko a dakatar da ƙarfen har a gama su. Dolutegirabir na masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ko dai a sha su tare da abinci a lokaci ɗaya, ko a sha dolutegirabir awa 2 kafin ƙarfen ko awa 6 bayansa. Wannan na ƙarshen babban al'amari ne, domin raunin maganin na nufin ƙwayar cutar na iya ratsawa ga jariri ta nono. Mai sikila, da mai talasimiya, wani ciwon jini na gado, da wadda aka sha yi wa ƙarin jini, kada su sha ƙarfe sai gwaji ya nuna sun rasa shi, saboda jikinsu yakan tara shi ya yi yawa. Folik asid kuwa suna buƙatarsa.

Abin da ƙwayar ba za ta yi ba

Ba ta ƙara yawan nono. Yawan nono yana bin yawan tsotso da yadda jariri ya kama mama. Ba ta sa ƙiba, domin ba ta da kuzarin abinci a ciki, kuma ba ta maye gurbin ƙarin abincin da mai shayarwa ke buƙata. Zubar gashi da ke tsananta wata 3 zuwa 4 bayan haihuwa daga saukar sinadaran ciki ne, yana tsayawa da kansa kafin shekara, bitamin ba ya hana shi. Idan ya zarce haka, a auna ƙarfe da tayirod, domin kimanin mace 1 cikin 20 tana samun kumburin tayirod a shekarar farko ta haihuwa, alamominsa kuma suna kama da na ƙarancin jini. Ƙwayoyin gashi masu yawan bayotin suna ɓata sakamakon gwajin tayirod, a gaya wa likita idan ana shan su. Ƙashin mai shayarwa yana rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na ƙarfinsa a watannin farko, ko ta sha kalsiyam ko ba ta sha ba, yana kuma dawowa bayan yaye. Buƙatarta ta kalsiyam miligiram 1,000 ce a rana kamar macen da ba ta shayarwa, mafi yawanta daga abinci. Ƙarfen da uwa ta sha ba ya zuwa wa bakwaini ko jariri mai ƙarancin nauyi, su nasu ɗigon ake ba su. Haka allurar bitamin K da ake yi wa jariri ranar haihuwa, babu ƙwayar uwa da ke tsaya mata.

Har zuwa yaushe

Mako 6 na farko kowace mai jego ta ci gaba da abin da take sha lokacin ciki. A zuwa asibiti na mako na 6 ki nemi a auna jininki. Idan ya kai giram 12 kuma kina cin abinci mai kyau, kina iya barin ƙarfe mai yawa tsakanin mako na 6 da na 12, ki koma ƙwayar da ke da aidin, B12, bitamin D da folik asid da ɗan ƙarfe kaɗan, ki riƙe ta har yaye. Idan bai kai ba, a ci gaba da awon magani a sake gwaji bayan wata ɗaya. Wadda ba ta shayarwa, da jininta ya koma daidai, folik asid ne kawai ya rage mata. Mai tagwaye, da yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba wadda ita ma jikinta bai gama girma ba, da wadda abincin gidan bai wadata ba, su riƙe cikakkiyar ƙwayar tsawon shayarwa. Da al'ada ta dawo, buƙatar ƙarfe ta koma miligiram 18.

Inda ake ajiye ƙwayar yana da muhimmanci ƙwarai a gidan da ke da yaro mai rarrafe ko tafiya, wanda hankali ya ɗan bar kansa saboda sabon jariri. Ƙwayoyin ƙarfe suna da launi da santsi, yara na ɗaukar su alewa. Daga miligiram 20 na tsantsar ƙarfe a kowane kilo na nauyin yaro alamun guba ke farawa, daga 60 kuwa rai na cikin haɗari. Yaro mai kilo 10, ƙwaya 10 masu miligiram 60 sun kai shi wannan matakin. Yakan fara da amai da gudawa, wani lokaci da jini, sannan ya lafa na wasu awanni kamar ya warke, daga baya hanta da jijiyoyin jini su gaza. Idan kin sami kwali a buɗe a hannun yaro, kada ki sa shi amai, kada ki jira alama. Ki ɗauki kwalin da ragowar ƙwayoyin ki kai shi asibiti nan take, ki faɗa musu lokacin da abin ya faru da adadin da kike zaton ya ɓace. A ajiye ƙwayar a cikin kwalinta na asali, a sama inda hannun yaro ba ya kai, wuri busasshe da rana ba ta bugawa, ba a jakar hannu ko ƙarƙashin matashi ba.